Baba Mai Rim da Awon Huji Biyar

Ana yayyafi tun asuba ranar da Baba ya rasu, irin ruwan nan na tsakiyar damina da ba ya tsananta kuma ba ya ɗaukewa. Ina gaban allo a makarantar firamaren da nake koyarwa a Samaru, wayata ta hau kuka a cikin jaka. Lokacin salula ba ta daɗe da zuwa hannunmu ba, in ta yi ƙara sai duk aji ya waiwayo. Babban ƙanena ne. Ya ce, "Yaya, Baba ya cika." Na ce masa, "Wane Baba?" sai ka ce muna da su da yawa. Shi kuma bai iya ƙara komai ba, sai innalillahi wa inna ilaihi raji'un da ya yi ta maimaitawa har layin ya katse.

Kafin in sami mota in iso gidanmu a Jushi, maza sun riga sun ɗauke shi zuwa makwancinsa. Abin da na tarar shi ne jiƙaƙƙun tabarmi a ƙofar gida, da motoci jere har bakin titi kamar an dawo da tasha unguwarmu. Ban taɓa sanin Baba yana da jama'a haka ba. Mutum ne mai sayar da rim, wato ƙarfen nan da ake ɗaura taya a kansa, a wani ɗan shago a Sabon Gari wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita.

Direbobi ne suka fi yawa. Wani tsoho mai tuƙa bas yana share ido da hularsa yana cewa, "Ni tunda nake ban taɓa ɗaura ƙafa ba sai ya duba mini. Yanzu wa zan kai wa?" Masu faci sun zo da baƙin hannunsu, suna ɓoye shi a aljihu don kada su ɓata wa mutane riga. Maƙwabcin shagonsa, wani Ibo mai sayar da fitilun mota, wanda suka yi shekara da shekaru suna faɗa kan inda ruwan indararo zai zuba, shi ya fi kowa kuka. Har tsakar gida ya shigo, ya tsaya gabana ya ce, "Sannu, ka yi hakuri, babanka ya tafi." Bai taɓa rarrabe ka da ki ba, kullum ina yi masa dariya, amma ranar ban gyara masa ba.

Matan zumunta na majami'armu ma sun taso daga Samaru da zanensu iri ɗaya. Sun san ba a waƙa a gidan makokin Musulmi, sai suka yi gaisuwa, suka tattara kwanoni suka hau wanki. Shugabarsu ta ce wa matan unguwa, "Wannan bawan Allah ya taɓa tsare mu tun safe har rana ta take, ya hana motarmu tashi sai da aka sauya ƙafa. Mun zage shi a zuci ranar, Allah ya gafarta mana."

Na lura da abu ɗaya. Ba wanda ya ce Baba mai fara'a ne, don ba a ƙarya a gidan mutuwa. Yabon da ya fi yawa a bakin mutane shi ne, "Allah ya jiƙansa, ya sha yi mini faɗa."

Bayan la'asar babban ƙanena ya leƙo ɗakin da muke zaune da Inna da Gwaggo. Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, doguwar tsohuwa mai carbi a hannu kullum, kuma tun rasuwar iyayensu maganarta ce yanke a dangi. Ƙanena ya durƙusa ya ce gobe zai shiga Kaduna ya ba da sanarwa a rediyo saboda mutanen Baba na nesa. Kowa ya san yadda ake karanta ta: wane ya rasu, ya bar mata kaza, da 'ya'ya kaza, da jikoki. Ya ce, "Gwaggo, me za a ce?"

Ta ce, "Mata ɗaya, 'ya'ya huɗu."

Ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Gwaggo, ai mu biyar ne."

"Huɗu ya haifa. Rediyo ba dandalin wasa ba ne, duk ƙasa ke ji. Ka ce biyar yau, gobe wurin rabon gado a ce ina na biyar ɗin."

Inna tana lulluɓe, ta shiga takaba, kuma mai takaba ba ta jayayya. Ni ce ta biyar ɗin. Agola ce ni. Gado ban nema ba, addini ma bai ba ni ba, na san wannan tun ina yarinya. Abin da nake so bai wuce kalma ɗaya daga bakin mai karanta sanarwa ba. Na tashi na fita wajen murhu, na karɓi muciya a hannun wata maƙwabciya.

Mahaifina malamin makaranta ne, Kirista, mutumin kudancin Kaduna. Ya rasu ina ƙarama, a hoto kawai na san shi. Inna ta auri Baba, ta musulunta, ta tare a Jushi da akwatinta da ni. Dangin mahaifina suka zo suka roƙi a bar ni a kan addinin ubana. Inna ta ce mini Baba bai yi dogon bayani ba, cewa kawai ya yi, "Na ji." To wannan "na ji" ɗin ita ya riƙe har ya koma ga Mahaliccinsa.

Duk Lahadi shi ke goya ni a babur ya kai ni majami'a a Sabon Gari. Ba ya shiga, ba ya kuma tafiya. Sai ya jingine babur a gindin mangwaro, ya goye hannu a baya, ya hau zagaya motocin da aka ajiye yana leƙa ƙafafunsu. Kafin a tashi ya riga ya san wanda notinsa ya saki da wanda aka ɗaura wa rim ɗin da ba nasa ba. Mutane suna fitowa da littafin waƙa a hannu, sai su ga wani mai hula da ɗan gemu ya tare su: "Kai ne mai jan motan nan? Zo ka gani." Da farko sun ɗauka ciniki yake nema. Da suka ga ko ruwa ba ya karɓa, sai fasto da kansa ya riƙa ajiye motarsa kusa da mangwaron.

Kayan aikinsa a shago ba su taka kara sun karya ba: wata tsohuwar rula ta ƙarfe, da damin tsinken tsintsiya, da tarin kwalaye da yake roƙa a wurin masu shagunan sabulu. In mai saye ya zo ya fara faɗin sunan motarsa da shekarar da aka ƙera ta, sai Baba ya katse shi.

"Ban tambaye ka sunanta ba. Ina kwali?"

Yana da dalilinsa. A shekarun nan ne motocin Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da su daga Turai, suka cika gari, kowace ta bi ta hannu goma kafin ta iso Zariya. Wata an sauya mata hob tun a bakin teku, wato kan da ƙafa ke ɗauruwa a jikinsa, don haka sunan da ke rubuce a bayanta ba ya gaya maka komai game da ƙafarta. Sai Baba ya tura mutum ya je ya kwance taya, ya shafa baƙin mai a kan ƙusoshin hob, ya danna kwali a kai, ya kawo masa shaidar. Wanda ya ce yana sauri, sai ya ce masa, "Sauri ya haifi nawa. Je ka dawo."

In kwali ya zo sai ya sa tabarau ya zauna a kan benci, fuskarsa ta sauya kamar ta liman zai buɗe littafi. In tabo huɗu ne ba ya daɗewa. "Mai huji huɗu ko makaho zai auna," in ji shi. "Kowane huji yana da abokin kallo. Daga tsakiyan wannan zuwa tsakiyan na gabansa, shi ke nan." Mai huji biyar ne yake girmamawa, don a cikin biyar babu wanda ke fuskantar wani. Dole ka tsallake ɗaya, ka aza tsinke daga can bayan bakin na farko zuwa tsakiyar na uku. Sai ya sa farce ya karya tsinken daidai wurin, ya miƙe ya bi jerin rim ɗinsa yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Rular nan don ya tabbatar ne kawai, amma tsinke ya fi yarda da shi.

Kuma duk ƙarafan nan ya raba musu dangantaka. Akwai wasu masu huji huɗu, ɗaya ƙirar Jamus ɗaya ƙirar Japan, da suke shiga motar juna lafiya lau. Waɗannan taubasai yake ce musu, gida daban-daban amma akwai aure a tsakani. Akwai wani mai faɗin huji na tsofaffin motocin Faransa da ba ya dacewa da kowa, shi ne tuzuru. Sai kuma waɗanda ya fi tsoro, 'yan uba. Su biyu ne masu huji biyar, kama kamar an tsaga kara, bambancinsu bai fi kaurin tsinken ashana ba. Ka ɗauki wannan ka sa a hob ɗin wancan zai shiga, in ka matsa noti ma zai ɗauru. Amma notin a karkace yake zaune, yana cin ƙusa a hankali, har ranar da za ta tsinke ana cikin gudu. Wasu kanikawa sukan sa magagari su goge hujin ya ƙara faɗi don ya shiga da sauƙi. Baba in ya ga irin wannan aikin sai ya tofar da yawu.

Ɗaliban jami'a daga Samaru su ne abokan rigimarsa. Sukan zo da motocin iyayensu suna neman rim mai ƙyalli irin na gayu. Wata rana ina nan wani ya nuna ɗaya a sama ya ce shi yake so. Baba ya gwada tsinke ya girgiza kai.

Yaron ya ce, "Haba Baba, no wahala, wallahi zai shiga."

Baba ya ce, "Shiga? Ai ɓarawo ma shiga yake yi. Ni zama nake nema."

Yaron ya yi dariya, ya tsallaka shago na gaba ya saya, aka ɗaura masa a gabanmu. Irin wannan ciniki Baba ya kora ba iyaka. Inna takan ce masa, "Malam, kai kaɗai ne mai tsoron Allah a layin nan? Mu kuma tsinke za mu ci?" Sai ya yi kamar bai ji ba. Gaskiya ita ce bai yi arziki ba, kuma wani lokacin taurin kansa ya sa mun kwana da ɗumame. Ba zan ɓoye wannan ba don ya mutu.

Har a gida sana'ar ba ta barinsa. Ɗaurin noti ba a bin sa a jere, sai an riƙa tsallake ɗaya har a zagayo, don ƙafa ta zauna daidai. To haka yake raba mana tsire in ya shigo da shi. Mu biyar mu zauna a da'ira, ya miƙa wa wannan, ya tsallake na kusa da shi, ya ba na gaba. Kullum kuma daga wani wurin yake farawa. Autarmu takan yi kuka ta ce an wuce ta, sai ya ce, "Yi haƙuri, zagayowa ake yi."

Babban faɗansa da Gwaggo ma a kan ƙafar mota aka yi shi. Shekarar da za ta tafi aikin hajji, ɗanta yana da wata bas da yake haya da ita, aka shirya duk dangi za mu raka ta Kaduna a ciki. Mun yi kwalliya, an loda kaya, Gwaggo ta riga ta hakimce a gidan gaba da farin mayafinta. Baba ya goye hannu ya fara zagayen nan nasa. Da ya zo ƙafar baya sai ya tsuguna, ya shafa notin, ya daɗe bai tashi ba. 'Yan uba ne, an goge hujin.

Ya zo taga ya ce, "Yaya, ki sauko."

Ta ce, "In sauko in yi me?"

"Ƙafan nan ba nata ba ne."

"Ni Maka za ni. In na mutu a hanya ai na dace."

Ya ce, "To ki bari ki isa Makan ki mutu, ba a Jaji ba."

Mutane suka ƙyalƙyale da dariya, Gwaggo kuwa ta hau. Ta ce tun yana tsumma take goyonsa, ba shi zai hana ta hanyar Allah ba. Ɗanta ya ce wata shida yana Kano yana Kaduna da ƙafar nan ba abin da ya faru. Baba ya sa Inna da mu biyar muka sauko, muna kuka don an hana mu ganin jirgi. Bas ta tashi. Shi kuma ya buga babur ɗinsa ya bi bayanta, tun daga Zariya har Kaduna, idonsa a kan ƙafar nan, yana shan hayaƙi.

Lafiya lau suka isa. Gwaggo ta dawo da haƙorin Maka, ta ba kowa tsaraba ban da shi. Daga baya suka shirya, amma har tsufansu in sun haɗu a biki sai ta ce, "Ƙafan nan dai har yau ba ta fita ba." Shi kuma ya ce, "Tukuna." An sayar da bas ɗin da ƙafarta a jiki, ba mu san inda ta ƙare ba. Har yau ban san wanda ya yi gaskiya a cikinsu ba, na dai san wanda ya bi bayan wani a babur.

Ni kuwa tsakanina da shi akwai wani ɗan labule da ban taɓa iya ɗagawa ba. Bai taɓa bambanta ni a ci ko sutura ko makaranta ba. Amma ƙannena yakan ɗauke su ya cilla sama, ya ja kunnensu, ya yi musu waƙar banza. Ni ba ya wasa da ni. In na ci jarrabawa na kawo masa sakamako a gaban mutane, sai ya kau da kai ya ce, "To, kai wa uwarki." Ina ƙarama "ke 'yar nan" ce, da na fara koyarwa na zama "Malama". Na girma ina gaya wa kaina cewa mutumin kirki ne da aka ba amana yake riƙewa, kuma bai kamata in nemi fiye da haka ba. Amma na nema, a zuci, kullum.

Sau ɗaya na zaci labulen zai ɗagu. Ina kwalejin horon malamai, na zo hutu, na kai masa abincin rana shago. Wani direban tasi ya shigo da kwalinsa ya ce, "Baba, ba ni ko agola ne in lallaɓa." Haka direbobi ke kiran rim ɗin da bai yi kama da sauran ukun ba. Mutumin bai san ni ba, bai kuma san ya taka wani abu ba. Baba ya auna kwalin, ya zaro wani baƙin rim, alhali na motar farare ne. Da kansa ya fita ya ɗaura, abin da ba ya yi wa kowa, ya bi notin yana tsallakewa har ya gama.

Ya ce, "Ya zauna ko bai zauna ba?"

Direba ya ce, "Ya zauna, Baba."

"To kada in sake jin ka kira shi da wannan suna."

Na tsaya da kwano a hannu ina jiran ya dube ni. Ya juyo ya ce, "Ke kuma tsayuwan me kike yi? Aje ki tafi." Duk hanyar gida ina tunani, don ni ya yi, ko kuwa faɗansa ne na kullum da ba ya rasa dalili? 

Ranar aurena ma haka. Ƙanen mahaifina ne ya zo daga ƙauye ya miƙa ni a majami'a. Baba ya yi duk abin da uba ke yi, gado da katifa da kwanoni har da keken ɗinki, amma bai shiga hoto ko ɗaya ba. Da muka fito aka ce yana ina, sai ga shi tsugune da babbar rigarsa a gindin motar amarya, yana gwada noti da sifana.

A ƙarshen rayuwarsa ido ya yi rauni, tabarau ma ya daina taimako. Ya koma auna huji da yatsa, ya shafa ya shafa, ya karya tsinke, kuma direbobi ba su daina zuwa ba. Ganina da shi na ƙarshe, maigidana ne ya sayi wata 'yar Beljiyam. Ba mu gaya masa ba don kada ya wahala, amma labari ya kai masa. Ranar Asabar da hantsi sai ga shi a ƙofarmu a Samaru, ya hawo bas shi kaɗai, da kwali a hammata. Ya sa maigidana ya kwance ƙafafun nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, yana zaune a kan turmi yana shafawa. Da aka gama ya ce, "Sun zauna." Na kawo masa abinci ya ce ya ƙoshi, ruwa kawai ya sha. Ya ɗora hannu a kan ɗana, ya ce, "Malama, sai wani jiƙon." Na raka shi bakin titi, na tsaya har bas ɗin ta ɓace.

Duk waɗannan su na yi ta juyawa a bakin murhu kwana biyun nan na zaman makoki. Masu gaisuwa suna shigowa su wuce ni, su je ɗaki wurin Inna da Gwaggo da ƙannena mata. Ba wanda ya kore ni daga tabarmar, ni na hana kaina. Ina dai sa rai. Na san ƙanena yana ƙaunata, na ce wataƙila in ya isa Kaduna, ba idon Gwaggo, zai faɗi abin da ke ransa.

Ranar sadakar uku da yamma aka ce za a karanta. Aka fito da 'yar rediyon Baba aka ɗora a kan kujera a tsakar gida, mata suka kewaye ta. Ni ina gefe ina zuba waina a faranti. Aka karanta ta wani attajiri, aka karanta ta wata hajiya, sai ga sunan Baba da unguwarmu. Mai sanarwa ya ce, "Ya rasu ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu, da jikoki da dama."

Mata suka ce Allah ya jiƙansa. Ban ga laifin ƙanena ba, ba a tsallake maganar Gwaggo a gidanmu. Amma ji na yi kamar an sake yi mini mutuwa, wannan karon ni kaɗai. Na wanke hannu, na ɗauki jakata, na leƙa na ce wa Inna gobe ina da aji. Ba ta ɗago ba, hannuna kawai ta matse.

Na kai zaure ke nan na ji muryar Gwaggo a bayana. "Ke, dawo nan." Ta biyo ni da sandarta, abin da ban taɓa gani ba. Ta zauna a kan dakali tana haki.

Ta ce, "Fushi kika yi."

Na ce, "A'a, Gwaggo."

"Ƙarya kike. Huɗu na ce, kuma ko gobe aka tambaye ni huɗu zan ce, don shi ne na shari'a. Na ga yadda gado ya watsa gidan ubanmu, ba zan bari a buɗe ƙofa a nan ba." Ta ja carbinta. "Amma bari in tambaye ki. Tunda uwarki ta shigo da ke gidan nan, kin taɓa jin sunanki a bakinsa?"

Na hau lalube a raina. Tun daga goyon babur har zuwa bakin titin Samaru, na duba ko'ina. Na ce, "Ban taɓa ji ba."

"Shi wancan fa?" Ta nuna waje da sanda, inda babban ƙanena ke zaune cikin maza.

Wannan kam ba sai na yi tunani ba. Tun safe har dare Baba ƙwala masa kira yake da sunansa na yanka, har maƙwabta sun haddace.

Gwaggo ta ce, "Ke da kike malama. A gidan Bahaushe wane ɗa ne uba ba ya kama sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane?"

Na san amsar, kowace yarinya a Jushi ta san ta. Ɗan fari ake yi wa wannan kunyar. Ban dai taɓa kawo wa raina cewa da ni ake ba.

Ta ce, "Ranar sunan yaron can na kira shi ɗaki, na ce to, ka samu ɗan fari, daga yau ka kama bakinka da sunansa. Ya ce mini, Yaya, ai na riga na yi 'yar fari, kunya ba a yin ta sau biyu. Na yi faɗa, na yi zagi, na ce zai ba mu kunya a dangi. Kin san halinsa." Ta sa bakin mayafi ta goge hanci. "Shekara talatin yana yi miki abin da bai yi wa ɗan cikinsa ba, ke kuma kin tsaya kina jiran mutumin rediyo."

Jakar ta zame daga kafaɗata. Tun ranar da aka bugo mini waya ban yi kuka ba, sai a zauren nan, a gaban tsohuwar da na ɗauka ba ta taɓa ƙaunata ba. Ba ta rarrashe ni ba. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta dafa kafaɗata ta miƙe.

Ta ce, "Wuce mu koma. Ga wasu can sun taho gaisuwa, kuma ni na gaji da amsa musu a madadinki."

Allah ya jiƙan Baba, ya sa kabarinsa ya yalwata, ya sa ya tarar da alherin da ya yi ta yi yana ɓata rai. Na koma ciki na zauna a kan tabarma, a hannun daman Inna.